Garin Tiga da Neman Baƙi a Bakin Ruwa

Garin Tiga, a Ƙaramar Hukumar Bebeji, ya bunƙasa ne albarkacin madatsar ruwan da gwamnatin Audu Bako ta gina a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974. Ruwan ya jawo masunta da fataken kifi da manoman rani, jama'a suka ƙaru. Domin jawo 'yan yawon buɗe ido kuwa, an gina otal ɗin Rock Castle a Tiga da wani a bakin tafkin Bagauda, ga dajin Falgore a kudu. Sai dai na Bagauda ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi. Wannan ya nuna gini kaɗai ba ya riƙe baƙo. Matuƙar mazauna ba su da rabo a harkar, su da noma ne za su ci gaba da ciyar da Tiga.