Kafin Mu Sayo Na'urar Sauti ta Falo

A gidajenmu na Kwadaso, gaban talabijin ya zama mazaunin iyali bayan sallar isha'i: tafsiri a watan azumi, finafinan Kano a sauran watanni. Don haka magidanta da dama ke marmarin haɗa masa manyan lasifikoki.

A shagunan Adum akan nuna mana na'urar da ake kira firi'amf, wadda ke karɓar sauti daga faifai, ta warware shi, ta raba wa kowace lasifika rabonta. Sai dai ita kaɗai ba ta da ƙarfin motsa lasifika, dole a sayo mata amfilifaya dabam. Kuɗi biyu ke nan, ga kuɗin makarantar yara na jira. A ganinmu, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi risiba irin ta Yamaha ko Denon, wadda ta haɗa ayyukan biyu cikin akwati ɗaya.

In ta hannu ce, a duba bayanta da kyau. Wutar Gana bolt 230 ce, alhali kayan Amurka na 120 ne, na Japan kuwa 100. In aka jona su babu taransifoma, nan take sai hayaƙi. Wanda ya ga dumsor na 2015 kuma ba sai an tuna masa sitabilaiza ba.

Mu tafi shago da faifan tafsirinmu, mu sa a rage murya sosai, mu ji ko kalmomin malam na fita tangaram. Da wannan muryar za mu riƙa saurare a gidan haya, inda bango ɗaya ya raba mu da maƙwabci.