YADDA MASU KALLO KE AUNA FINAFINAN GASKIYA A SAMARU DA SABON GARI

Daga Wakilinmu a Zariya

A ƙasar Ingila duk shirin da aka nuna a talbijin da dare, kafin rana ta yi tsaka washegari masu gidan talbijin sun san kimanin yawan mutanen da suka kalle shi. Akwai hukumar da aka kafa a 1981 musamman domin wannan aiki, ana kiranta BARB, wadda ke sanya wata 'yar na'ura a wasu dubban gidaje da aka zaɓa don su wakilci sauran jama'ar ƙasa. A Zariya kuwa babu mai bi gida gida yana ƙirga wanda ya kalli me. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin hutun ɗalibai a Samaru, ko a bakin shagon wani tela a Sabon Gari, ya san cewa ana yi wa kowane shiri hukunci, wani lokacin ma hukunci mai tsanani. Abin da babu kawai shi ne mai rubuta hukuncin ya kai wa masu shirin.

Irin shirin da muke magana a kansa shi ne wanda Turawa ke kira dokumentari, watau fim ɗin gaskiya: babu 'yan wasa, babu ƙagaggen labari, sai mutane na ainihi da wurare na ainihi, da mai bayani yana jan hankalin mai kallo. Mutanen ƙasar Zazzau sun san shi tun kafin su san akwatin talbijin. Dattawa na tuna majigi, motar gwamnati mai injin wuta da farin ƙyalle, wadda takan tsaya a ƙofar fada ko filin makaranta bayan magariba, ga mai fassara riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen yin finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, a ƙarƙashin wani tsohon jami'in kiwon lafiya na Nijeriya mai suna William Sellers. Shi Sellers ya ɗauka cewa mutumin ƙauye ba zai fahimci fim ba sai an tafi da shi sannu a hankali kamar mai koyon tafiya, saboda haka aka riƙa yin finafinai masu jan jiki a kan tsafta da rijiya da noma. Daga cikin waɗanda aka yi a Arewa a shekarun 1950 har yanzu ana ambaton Baban Larai, wanda ya ƙunshi noman auduga, amfanin gonar da Zariya ta shahara da shi.

A farkon shekarun 1950 aka tura wani masanin halayyar al'umma, Peter Morton-Williams, ya bi majigi zuwa ƙauyukan Yarbawa da Hausawa da Birom da Ibo, yana rubuta abin da 'yan kallo ke faɗi da wuraren da suke dariya. Abin da ya gano bai yi wa masu ra'ayin Sellers daɗi ba. Mutane sun fahimci finafinan sarai. Inda ba su bi shawarar fim ba, sau da yawa dalilin shi ne shawarar ba ta dace da halin da suke ciki ba, ko kuma sun riga sun san abin da ake koya musu. Wannan bincike, wanda ya haura shekara 70, yana cikin ƙoƙari na farko da aka yi a ƙasar nan na tambayar mai kallo ra'ayinsa.

Talbijin ya zo Nijeriya ta Ibadan a 1959, sa'an nan gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna ya fara aiki a watan Maris 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gidajen talbijin na ƙasa a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda yau muka sani da NTA. A wancan zamani tasha ɗaya ce, kuma akwati ɗaya yakan tara gidaje biyar ko shida, saboda haka abin da aka nuna jiya shi ne zancen ofis da aji yau.

Manyan shirye-shirye biyu na shekarun 1980 sun isa misali, domin NTA na da hannu wajen yin su duka. Na farko shi ne Africa, mai kashi 8, wanda masanin tarihi Basil Davidson ya gabatar a 1984. A ɗaya daga cikin kashe-kashensa ya shiga birnin Kano da fadar Sarki domin ya nuna yadda sarauta da ciniki suka ginu a Afirka tun kafin zuwan Turawa. Na biyu shi ne The Africans, mai kashi 9, wanda Farfesa Ali Mazrui na ƙasar Kenya ya gabatar a 1986, inda ya ce gadon Afirka uku ne: na gargajiya, na Musulunci da na Turai. A Amurka shirin Mazrui ya tayar da ƙura. Shugabar hukumar gwamnati da ta ba da wani ɓangare na kuɗin aikin, Lynne Cheney, ta zarge shi da zagin ƙasashen Yamma, har ta sa aka cire sunan hukumarta daga jikinsa. Abin da ya ɓata mata rai, watau ɗan Afirka ya tsaya gaban kyamara ya faɗi laifin mulkin mallaka da bakinsa, shi ne ya ɗaga darajar shirin a idon masu kallo da yawa a wannan nahiya. Fim ɗaya ne, amma ma'auni biyu.

To, a nan ne ma'aunin Samaru ya fito fili. Gari ne na malamai da ɗalibai, kuma sashen tarihi na jami'ar, tun zamanin Farfesa Abdullahi Smith zuwa na Dokta Yusufu Bala Usman, ya horar da mutane su tambayi kowace hujja asalinta. Bala Usman har bayanan matafiyin nan Heinrich Barth a kan Katsina sai da ya bi su da ƙwanƙwasa, yana tambayar wa ya ba shi labari, kuma da wace manufa. Wannan ɗabi'a ta bi ɗalibai har gaban talbijin. Tambayar farko da za ka ji idan an gama shiri ita ce wa ya biya kuɗinsa. Ta biyu, wa aka bari ya yi magana, wa aka nuna kawai yana wucewa da kaya a ka. Kyawun hoto yana zuwa ne a baya. Shirin da ya zo da hotuna masu ɗaukar ido amma mai bayani ya kira Fulani da Hausawa da Kanuri da suna ɗaya, to ya faɗi jarrabawa tun a minti na biyar, kome tsadar kyamararsa. Wani lokaci dai abin yakan wuce gona da iri, har a yi watsi da shiri mai hujja ƙwarai don kawai Bature ne ya yi shi. Wannan ma rashin adalci ne, kuma Davidson kansa Bature ne.

Sabon Gari, wanda ya tashi a gefen tashar jirgin ƙasa kuma ya tara ƙabilu daga kowace kusurwa ta Nijeriya, yana da nasa ma'aunin, kuma ya fi na Samaru sauƙin ganewa. Gidajen kallo na ƙwallon Turai ne. Ba mai biyan kuɗin shiga don ya ga tarihin Daular Borno. Fim ɗin gaskiya a yau ta wayar hannu yake yawo, daga wannan zuwa wancan, ko ta hannun samarin nan masu kwamfuta da ke tura wa mutane finafinai a kasuwa. Su waɗannan samari, ba tare da sun sani ba, su ne masu jera finafinai daraja daraja: abin da aka fi tambaya shi ke zama a gaba, wanda aka daina nema a goge shi don a sami wuri. Abu biyu ke sa a nemi shiri. Ɗaya harshe, domin shirin da mutanen cikinsa ke magana da Hausa ko Turancin buroka ya riga ya yi wa mai dogon Turanci nisa. Na biyu kuma shi ne tambayar da ɗan kasuwa ke yi wa kowace harka: me ya biyo baya?

A kan wannan tambaya ta biyu babu shirin da ya kai Sweet Sweet Codeine, binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a ƙarshen watan Afrilu 2018, wanda ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan fage zuwa hannun matasa, har da hotunan wani gidan gyaran hali a Kano. Ran 1 ga watan Mayu Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar hana shigo da irin wannan magani da yinsa a cikin ƙasa. Iyaye a Arewa sun daɗe suna kuka da wannan bala'i, malamai sun yi wa'azi a kansa, amma sai da kyamara ta nuna shi sa'an nan hukuma ta motsa cikin kwana ɗaya. Haka kuma Sex for Grades na watan Oktoba 2019, wanda aka ɗauka a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana: an dakatar da malamai, kuma Majalisar Dattawa ta sake ɗauko ƙudurin dokar hana cin zarafin ɗalibai mata. Ba sai an faɗi dalilin da ya sa garin jami'a kamar Samaru ya kalli wannan shiri da ido biyu ba.

Yanzu bari mu dubi yadda ake yi a waje, domin ɗalibanmu sukan ɗauki lambobin can kamar hukuncin alƙali. Ma'auni iri biyu ne, kuma bai kamata a gauraya su ba. Akwai ƙirga kawuna, irin na BARB ko na kamfanin Nielsen da ke wannan aiki a Amurka tun 1950. Wannan yana faɗin yawan masu kallo ne kurum. Akwai kuma auna gamsuwa, inda BBC ke tambayar wasu zaɓaɓɓun masu kallo su ba shiri maki, a mayar da shi bisa 100. Finafinan gaskiya sukan sami 'yan kallo kaɗan amma maki mai yawa, domin wanda ya zauna ya kalle su da niyya ya zauna. Sai kuma jerin IMDb, inda kowa ke iya ba da maki daga 1 zuwa 10. A can shirye-shiryen namun daji na David Attenborough, Planet Earth na 2006 da Planet Earth II na 2016, sun daɗe a sahun gaba da maki sama da 9. Babu mai musun kyawunsu. Amma mai karatu ya lura da waɗanda ke jefa ƙuri'ar: masu Turanci ne, masu intanet mai arha, galibinsu a Turai da Amurka da Indiya. Kuma damisa da kifi ba su da jam'iyya, ba su ɓata wa kowa rai, alhali shirin da ya taɓa siyasa ko addini magoya baya za su ba shi 10, abokan gaba su ba shi 1, a tashi da lambar da ba ta nuna ra'ayin kowa ba. Manomin Bomo ko ma'aikacin reluwe na Sabon Gari ba ya cikin wannan lissafi ko kusa.

Hukuma ma tana da nata ma'aunin. A 2022 gidan Trust TV ya nuna wani bincike a kan 'yan bindigar daji, BBC kuma ta fitar da The Bandit Warlords of Zamfara, inda aka ji shugabannin 'yan bindiga da mutanen ƙauyukan da aka kai wa hari suna magana da Hausa. A watan Agusta na shekarar Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talbijin ta Ƙasa, NBC, ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5, ta kuma ci kamfanoni uku da suka watsa shirin BBC irin wannan tara kowannensu, bisa zargin ɗaukaka ta'addanci. Masu kallo sun rabu. Wasu na ganin bai dace a ba mai kisa lasifika ba, kuma wannan magana ce mai nauyi ga duk wanda aka sace wa ɗan'uwa a hanyar Birnin Gwari ko Giwa. Wasu kuma na ganin a karo na farko ne suka ji dalilan rikicin daga bakin waɗanda ke cikinsa. A watan Mayu 2023, a wata shari'a dabam, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara. Abin lura shi ne a duk wannan taƙaddama babu ɓangaren da ya iya kawo adadin mutanen da suka kalli shirin a jihohin da abin ya shafa, balle abin da suka ɗauka daga cikinsa.

Wannan rashin lissafi yana da tsada, kuma Samaru na cikin masu biya. Mai talla yana bin inda ya tabbata akwai jama'a, shi ya sa kuɗinsa ke tafiya wajen ƙwallo da wasan kwaikwayo, mai son yin fim a kan ganuwar Zazzau ko marinar gargajiya kuma ya rasa mai ɗaukar nauyinsa. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda asalinta ke komawa 1922, tana fitar da sababbin irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga; ga maƙwabciyarta NAERLS, wadda aikinta shi ne kai sakamakon bincike ga manoma ta littattafai da rediyo da talbijin. Shirin da aka yi a kan sabon irin masara, idan an nuna shi a lokacin da manomi ke gona, ko a daren da babu wuta, ko bayan an riga an gama shuka, to kuɗin gwamnati ya tafi a banza, kuma ba wanda zai sani.

Aikin ba ya bukatar na'urar Ingila. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyon aikin jarida, kuma kowace shekara ɗalibansa na neman abin da za su yi bincike a kai kafin su kammala. Da za a ware gidaje kamar 200 tsakanin Samaru da Hayin Dogo da Muciya da Cikaji, a ba su takarda mai sauƙi da Hausa da Turanci, su riƙa rubuta shirin da suka kalla, ta akwati ko ta waya, da makin da suka ba shi da dalilinsu, a kuma haɗa da masu tura finafinai na kasuwar Sabon Gari, cikin zango biyu za a sami abin da za a ajiye a teburin manajan shirye-shirye a Kaduna. Sai dai a tabbata an sa mata a cikin lissafin, domin da rana, sa'ad da maigida ke ofis ko kasuwa, su ne ke riƙe da akwatin.