Yadda motar lantarki ta ci kujerar shugaban kamfanin Peugeot da Fiat

Ran lahadi 1 ga watan Disamba na shekara ta 2024, majalisar gudanarwa ta kamfanin Stellantis ta ba da sanarwa cewa darakta janar na kamfanin, Carlos Tavares, ya ajiye aiki, kuma ta amince ya tashi nan take. A lokacin akwai sauran fiye da shekara guda kafin wa'adinsa ya cika. Sunan Stellantis baƙo ne ga yawancin masu karatu, amma motocinsa ba baƙi ba ne. Shi ne uwar gidan Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, mai 404 da 504 bashe da suka daɗe suna ɗaukar mutane da kaya a hanyoyin Maraɗi da Damagaram da Tawa. A ƙarƙashinsa kuma akwai Citroën da Opel da Fiat da Jeep da Ram da sauransu, sunayen motoci 14 ke nan, da ma'aikata kimanin 250,000 a ƙasashe daban-daban. Saboda haka canjin shugaba a irin wannan gida ya isa a tsaya a duba dalilinsa.

An haifi Carlos Tavares a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal a shekara ta 1958, ya yi karatun injiniya a Faransa, ya shiga kamfanin Renault a 1981. Ya yi ta hawa mataki bayan mataki har ya zama na biyu ga Carlos Ghosn. A 2013 ya faɗa wa ƴan jarida cewa yana sha'awar ya zama na ɗaya a wani babban kamfani, kuma wannan magana ita ce ta raba shi da Renault. Shekara ta zagayo, aka ɗora shi bisa shugabancin PSA, wato Peugeot da Citroën, a lokacin da kamfanin ke gab da durƙushewa, bayan ya yi hasarar Yuro miliyar 5 a 2012. Sai da gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka zuba kuɗi, kowanne Yuro miliyon 800, kafin gidan ya tsaya da ƙafafunsa.

Maganin da Tavares ya kawo guda ɗaya ne: rage kashe kuɗi a ko'ina, rage yawan samfuran motoci, da ƙin sayar da mota da araha don kawai a ce an sayar da yawa. Maganin ya yi aiki. A 2017 ya sayi Opel daga hannun General Motors, wanda ya yi kusan shekara ashirin yana hasara da ita, kuma a 2018 Opel ta ci riba. A watan Janairu na 2021 aka haɗa PSA da Fiat Chrysler, aka raɗa wa sabon kamfanin suna Stellantis, John Elkann na zuriyar Agnelli masu Fiat ya zama shugaban majalisar gudanarwa, Tavares kuma ya riƙe ragamar aiki. A 2023 kamfanin ya ci ribar Yuro miliyar 18.6, wato sama da miliyar 12,000 na kuɗin sefa. Ladan Tavares shi kaɗai a wannan shekara ya kai Yuro miliyon 36.5, kusan miliyar 24 na sefa, abin da ya jawo surutu ƙwarai a Faransa da Italiya.

To, ina motar lantarki ta shigo cikin labarin? Tarayyar Turai ta tsai da doka a 2023 cewa daga shekara ta 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar ƙaramar mota mai fitar da hayaƙi ba, kuma tun kafin lokacin akwai tara mai nauyi ga duk kamfanin da hayaƙin motocinsa ya wuce iyakar da aka yanka. Tavares bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya sha faɗi cewa ƴan siyasa ne suka zaɓi lantarki, ba masu ƙera motoci ba, kuma ƙera motar lantarki ya fi na mai esansi tsada da kusan rabi, galibi saboda batir. Amma duk da wannan ƙorafi, shi ne ya ɗauki alkawari mai girma. A watan Maris na 2022 ya bayyana shirinsa cewa kafin 2030 duk ƙananan motocin da kamfanin zai sayar a Turai za su zama na lantarki zalla, a Amurka kuma rabi. An ware sama da Yuro miliyar 30 don lantarki da kayan kwamfuta na cikin mota. An buɗe masana'antar batir a Douvrin, arewacin Faransa, a 2023, tare da TotalEnergies da Mercedes. A wannan shekara dai kamfanin ya biya Yuro miliyar 1.5 ya sayi kimanin kashi 20 cikin 100 na Leapmotor, wani kamfanin motocin lantarki na Sin.

Wannan kuɗi dole su fito daga wani aljihu. Tun da talaka ba ya iya biyan ƙarin kuɗin batir, kuma masu hannun jari ba su son ribarsu ta ragu, Tavares ya koma ga maganinsa na da. Ya matsa wa masu kawo kayan haɗi su rage farashi, ya rage ma'aikata da injiniyoyi, ya kai wasu ayyuka ƙasashen da albashi ba shi da tsada. A Amurka, inda kamfanin ke samun mafi yawan ribarsa, an ɗaga farashin Jeep da Ram, an daina ƙera wasu ƙananan motoci masu sauƙin kuɗi, an cire babban inji mai silinda takwas da ake kira Hemi daga motar Ram 1500, alhali kuwa wannan inji ne da yawa daga masu sayenta ke nema. Motar Dodge Charger, wadda aka sani da ruri da shan mai, aka fara fito da sabuwarta da batir.

A 2024 abin ya fashe ta ko'ina a lokaci guda. A Turai sayen motocin lantarki ya ja baya, musamman bayan gwamnatin Jamus ta tsai da tallafin da take ba masu saye a watan Disamba na 2023. An dakatar da shirin gina masana'antun batir a Jamus da Italiya. A Mirafiori, tsohuwar masana'antar Fiat a birnin Turin, an sha tsai da ƙera Fiat 500 ta lantarki don babu masu saye. A duk faɗin Italiya kamfanin bai ƙera motoci 500,000 ba a wannan shekara, kuma ƙungiyar ƙwadago ta FIM-CISL ta ce rabon da a ga ƙarancin ƙananan motoci haka tun 1956. Gwamnatin Giorgia Meloni ta yi ta sa-in-sa da Tavares. A Amurka motoci sama da 400,000 suka taru a filayen dillalai ba a saya ba. A watan Satumba ƙungiyar dillalan ta rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa tana zarginsa da neman ribar yau a bakin lafiyar gobe, sandikar ma'aikatan motoci ta UAW kuma ta nemi a sauke shi. Ran 30 ga watan kamfanin ya gargaɗi masu hannun jari cewa riba za ta faɗi. Ta faɗi kuwa: Yuro miliyar 5.5 a 2024, ragin kashi 70 cikin 100.

Mutumin da ya ɓata da ma'aikata da dillalai da masu kawo kaya da gwamnati, riba kaɗai ke riƙe da shi, kuma da ribar ta tafi sai ya rasa madogara. Henri de Castries, babba daga cikin mambobin majalisar gudanarwa, ya bayyana cewa ra'ayin majalisar da na darakta janar sun rabu a makonnin ƙarshe. John Elkann ya riƙe aikin na wucin gadi har wata shida, yana zagaya masana'antu yana gyara zumunci da waɗanda aka ɓata wa.

Ran 28 ga watan Mayu na 2025 aka naɗa Antonio Filosa, ya kama aiki ran 23 ga Yuni. Haifaffen yankin Napoli ne na Italiya, ya shiga Fiat a 1999, ya yi shekaru masu yawa a Birazil, ya shugabanci Jeep, sannan aka ba shi reshen Amurka ta Arewa. Zaɓen nasa ya nuna inda majalisar ta ga ciwon yake. Hausawa na cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma kiɗan ya canza ƙwarai: gwamnatin Donald Trump ta ɗora haraji bisa motocin da ake shigowa da su, ta kuma soke rangwamen dala 7,500 da ake yi wa mai sayen motar lantarki daga ƙarshen Satumba na 2025. Kamfanin ya mayar da injin Hemi cikin Ram 1500, ya daina shirinsa na motoci masu aiki da iskar haidirojin, ya janye alkawarin lantarki zalla a Turai kafin 2030, ya kuma sanar a watan Oktoba cewa zai zuba dala miliyar 13 a masana'antunsa na Amurka cikin shekara huɗu. A watan Disamba hukumar zartarwa ta Tarayyar Turai ita ma ta kawo shawarar a sassauta dokar 2035.

Juyawar ba ta zo kyauta ba. A watan Fabrairu na 2026 Stellantis ya sanar cewa zai rubuta kimanin Yuro miliyar 22 cikin littafin hasara, galibi kuɗin shirye-shiryen lantarki da aka soke ko aka rage, kuma Filosa ya danganta hakan da zaton da aka yi cewa jama'a za su koma lantarki da sauri fiye da yadda suka koma. Wannan adadi ya fi dukan ribar 2023 da aka yi ta yabon Tavares a kanta.

Kada mai karatu ya ɗauka motar lantarki ta mutu. A ƙasar Sin kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir ne da ake cikawa da wuta, kuma kamfanoni irin su BYD suna ƙera su da farashin da Turawa ba su kai ba tukuna. Tavares ya hango wannan haɗari, shi ya sa ya ƙulla da Leapmotor, kuma magajinsa bai warware ƙullin ba. Aikin da ke gaban Filosa shi ne ya sami kuɗi daga motocin esansi da masu haɗa inji da batir, waɗanda mutane ke saye yau, ba tare da ya bar wa ƴan Sin kasuwar gobe ba. Doka tana iya yanka rana, shugaba yana iya ɗaukar alkawari, amma mai sayen mota sai ya duba aljihunsa da wurin da zai cika batir kafin ya miƙa kuɗinsa, kuma ma'aikata kimanin 250,000 abincinsu na rataye da abin da ya yanke.