Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Sunayen Fayil: Misali daga Zangon Wagadugu

Wannan takarda ta shafi ɗaliban da ke fita ɗaukar murya, musamman masu aiki kan Hausar Burkina Faso. Tsohon zangon Hausawa na Wagadugu, wato Zangouettin, yana cikin unguwannin da aka rushe a 2003 saboda aikin sake tsara tsakiyar birnin da ake kira ZACA, aka watse da mazaunansa zuwa wasu wurare. Don haka hirar da ɗalibi ya yi da wani dattijon unguwar ba abin da za a yi sakaci da shi ba ne. In ta salwanta, ba lallai a sake samun mai ba da labarin ba.

Wata ɗalibata ta taɓa sa wa hirarraki biyu suna "baki" da "baƙi", ɗaya kan kalmomin sassan jiki, ɗaya kan saukar fatake. Manhajar da take jera sauti da ita ta sake wa fayilolin suna da kanta, ta mai da ƙ ta koma k, na biyu ya hau kan na farko ya shafe shi.

Me ya jawo haka? Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kawai gare shi, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Unicode ya ba kowannensu lamba: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuwa U+01B4. Amma fa akwai bambanci tsakaninsu da é ta Faransanci da ake gani ko'ina a Wagadugu. Ita é ana iya raba ta gida biyu, e da alamar kanta, saboda haka in manhaja ta cire alamar, e na nan. Lanƙwasar ƙ kuwa jikin harafin ce, Unicode bai raba su ba. Manhajar da ba ta san harafin ba sai ta jefar da shi, ko ta sa _ a gurbinsa, "ƙasa" ta koma "asa". Wadda ke da jadawalin musanya kuma ta ba ka "kasa", ma'ana ta sauya ke nan. Ni a ganina wannan ta biyu ta fi haɗari, domin ido ba ya saurin kama ta. Masu Fulatanci ma suna shan wannan wahala da ɓ, ɗ, ƴ.

Wani lokaci kuma harafin na nan, karatun ne ya karkace. A UTF-8, ƙ bayit biyu ce. In aka karanta su da tsarin Windows-1252 sai ka ga Æ™, ɗ kuma ta fito É—. Wannan yana gyaruwa, muddin ba a goge alamomin da hannu ba.

Abin da nake so ku yi shi ne ku raba suna da take. Sunan fayil ya zama kwanan wata da lamba cikin baƙaƙen da ba su da lanƙwasa, kamar 2024-03-12_zango_07. Cikakken take, da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, a sa shi cikin bayanan da ke jikin fayil, a kuma rubuta shi a littafin aiki gefen lambarsa. A kashe sake suna na kai tsaye. In dole ne a yi amfani da shi, a fara gwadawa kan kwafi, da fayil biyu masu suna "kafa" da "ƙafa", a ga ko duka biyun sun fito.