Zango a Bakin Kogin da Ba a Komowa

A jihar Idaho ta ƙasar Amurka akwai kogin Salmon, wanda magabata suka yi wa laƙabi da Kogin da Ba a Komowa. A da, jiragen katako da ke gangarawa da kaya ba sa iya hawowa saboda ƙarfin ruwa, sai a wargaza su a ƙarshen tafiya a yi amfani da katakon. A 1980 majalisar dokokin ƙasar ta keɓe ƙungurmin dajin da ke kewaye da kogin, eka sama da miliyan 2. A 1984 aka ƙara masa sunan Sanata Frank Church, wanda ya tsaya kai da fata wajen kare shi.

Masu son kwana a daji sun fi ɗokin wani reshen kogin mai suna Middle Fork, mai tsawon kimanin kilomita 160. Kwana biyar ko shida ake yi cikin jirgin roba, in yamma ta yi a kafa tanti a kan yashi. Babu lantarki, babu titi, domin wata doka ta 1964 ta hana mota shiga irin wannan daji, har keke ma bai tsira ba.

Mai karatu zai ɗauka wurin da babu kowa, kowa ya yi abin da ya ga dama. Ina! A lokacin zafi sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu takardar izini, kuma jami'an gandun daji ne ke raba wa kowane ayari masaukinsa na kowane dare. Ba a hura wuta a ƙasa, sai cikin kaskon ƙarfe, a kwashe tokar a fita da ita. Ruwan wanke-wanke tace shi ake yi, kada ɓarɓashin abinci ya jawo tururuwa da namun daji. Bahaya ma, a gafarce ni, cikin akwati mai murfi ake yi, a ɗora shi a jirgi har ƙarshen tafiya.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ce ta fi burge ni. Kogin ya ratsa tsakanin duwatsu ne, wuraren sauka kaɗan ne, kuma dubban mutane ke bi ta kansu duk shekara. Da kowa zai haƙa rami ya binne nasa, da cikin 'yan watanni masaukan sun zama juji, ƙwayoyin cuta su gangara ruwa. Ko a yanzu ruwan da ake gani garau sai an tace ko an tafasa, saboda ƙwayar jiyardiya mai sa gudawa. Da hannun mutane aka tsare kyawun da baƙo ke tararwa, ayari bayan ayari.

Akwai kuma abin da bai kamata a manta ba. Dajin nan gidan wasu ne a da. 'Yan Tukudeka, wani reshe na ƙabilar Shoshone, sun zauna a kwarin suna farautar tumakin dutse da kamun kifi, har sojojin Amurka suka fitar da su a 1879. Zanen da suka yi da jan launi yana nan a jikin duwatsun bakin kogin, kuma doka ta hana matafiyi ya lalata shi ko ya ɗauke wani abu da suka bari.