Merlin ya yi shiru, aku ya yi magana

Idan shekarunka suna tsakanin 20 da 30, kuma ka taso a Danchadi ko Bodinga ko Shagari, da wuya a ce ba ka san Merlin ba. Ko ba ka kalle shi a gida ba, ka tarar da shi a shagon caji, ko a wayar wani yayanku da kuke dafewa ku shida a kanta, wanda ya ɗan fi jin Turanci yana fassara wa saura, rabi gaskiya rabi ƙari. Tashar BBC ta Ingila ce ta shirya shi daga 2008 zuwa 2012, zango 5, kashi 65. Har gobe in ka je wurin masu tura fina-finai a waya ka ambaci sunansa, ba sai an yi dogon bincike ba.

To ɗan uwa, in aikin gona ya yi sauƙi kuma dare ya yi tsawo, ka sa a sake tura maka shi. Amma kada ka kalle shi da idon da ka kalla a da.

A wancan lokacin abin da ke ɗauke mana hankali sananne ne: ƙaton dodon nan mai fukafukai da aka ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin fada, idon Merlin da ke komawa ruwan zinare in zai yi siddabarunsa, da karon takubba. Yanzu wasu dodannin ma dariya za su ba ka, don aikin kwamfutar ya tsufa. Fadar Camelot ce kawai ba ta tsufa ba, saboda gini ne na gaske, a wani gari da ake kira Pierrefonds a ƙasar Faransa. Abin da kallo na biyu zai ba ka daban ne. Tunda ka riga ka san ƙarshen labarin, sai ka zuba ido a kan tambaya ɗaya: wa ya san gaskiya a nan, kuma me ya sa ya yi shiru?

Fara da Morgana. Yawancinmu a matsayin muguwa muka riƙe ta, mayya mai baƙaƙen kaya da ke neman gadon sarauta ko ta halin ƙaƙa. Koma zango na 1 ka gani. Ita ce mai tausayin talakawa, ita ce ke iya kallon idon Sarki Uther ta faɗa masa ya yi zalunci. A zango na 2, kashi na 3, ta farka cikin dare, labulen ɗakinta ya kama da wuta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ta tsorata, domin a masarautar nan hukuncin mai sihiri kisa ne. Gaius, likitan fada, ya san abin da ke damunta, amma sai ya ci gaba da ba ta maganin barci. Merlin, wanda irin abin da ke jikinta ne a jikinsa, ya taimaka mata ta je wurin mutanen daji masu irin wannan baiwa, amma bai taɓa buɗe baki ya ce mata ba ke kaɗai ba ce, ni ma haka nake. Kalma ɗaya ce fa. Can a kashi na 12 na wannan zango, shi da kansa ya zuba mata guba a ruwan sha don ya ceci garin. Daga baya kuma ta gano cewa Uther da ta ɗauka mariƙinta ne, ashe mahaifinta ne, ya ɓoye don kare sunansa. Ka haɗa waɗannan wuri ɗaya, sannan ka gaya min wa ya ƙera muguwar.

Shi kansa Uther fa? Mutumin da ya shekara 20 yana kashe masu sihiri, ashe da sihiri ya samu ɗansa Arthur, kuma ran matarsa ne ya tafi a madadin. Maimakon ya ɗauki laifinsa, sai ya huce a kan jama'a. A zango na 2, kashi na 8, Arthur ya ji wannan labari, ya zare takobi ya yi kan ubansa. Wa ya tare shi? Merlin. Da me? Da ƙarya. Ya ce masa duk abin da ya ji ƙirƙira ce ta maƙiya. Ya hana ɗa kashe uba, wannan gaskiya ne, amma a ranar ya ƙara dasa wa Arthur ƙin mutane irinsa.

Kashin da ya fi ci min rai shi ne na 5 a zango na 5. Arthur ya zama sarki. Mordred, ɗaya daga cikin mayaƙansa, yana kwance rai a hannun Allah, kuma wasu mata uku masu duba sun gindaya wa Arthur sharaɗi: ya halatta tsohon addininsu da sihiri a ƙasarsa, ko kuwa ya ɗauki abin da zai biyo baya. Arthur ya juya ya tambayi Merlin shawara. Wannan ita ce damar da yaron nan ya yi shekaru yana jira. Amma da yake an riga an gaya masa Mordred ne zai kashe Arthur, sai ya zaɓi Mordred ya mutu, ya ce wa sarki sihiri ba shi da wuri a Camelot. Suka koma gida suka tarar Mordred ya miƙe garau. Ga dama ta wuce, ga wanda ake gudu yana raye. A kallon farko ban da faɗan kogo ba abin da muka riƙe daga wannan kashi. Sai a kashin ƙarshe, wanda aka nuna ranar 24 ga Disamba 2012, Merlin ya faɗa wa Arthur ko shi wane ne, lokacin da guntun takobin Mordred ya riga ya shige jikinsa.

Na san akwai iyaye da malamai da ba sa son ganin yaro a gaban fim ɗin da ake tsafi a ciki, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Sai dai in ka cire walƙiyar ido da surkullen, abin da ya rage labarin gida ne da kowa ke ɓoye wa kowa, har gidan ya rushe. Wannan kuwa ba sai ka je Ingila ba.

Yanzu ga inda nake son kai ka. Wannan fasali na bara mara galihu da aka ɗora wa tsaron ɗan sarki, muna da shi tun kafin a yi Merlin. Abubakar Imam ya fara fitar da Magana Jari Ce a 1937. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma ya ƙulla makirci don a hallaka yaron da zarar ya fita daga fada. Wa ya tsare shi? Aku. Ba takobi, ba tsafi. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai tsuntsun nan ya janyo wani labari ya riƙe shi da shi har gari ya waye. A ƙarshe asirin waziri ya tonu, aka naɗa aku a kujerarsa. Merlin yana da ƙarfin kiran dodo daga sama, ya riƙe bakinsa, ya rasa uban gidansa. Aku ba shi da komai sai baki, ya tsirar da nasa. In ka tambaye ni, Imam ya fi marubutan BBC sanin yadda fada ke aiki.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ruwan Bagaja na 1934 cike yake da aljanu da ƙasashen da ba su cikin taswira. Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata.

Abin da da yawa daga cikinku ba su sani ba shi ne an taɓa mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin. Gidan NTA Kaduna ne ya yi shi a ƙarshen shekarun 1980, kashi 52, Debrah Ogazuma ce ta ba da umarni, kuma marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, yana cikin waɗanda suka fito. Wato muna da namu mai dogon zango, da fada da makirci da abubuwan al'ajabi, shekara kusan 20 kafin Merlin.

Gwada wannan: ka ce wa mai tura fina-finai ya sa maka Merlin, da Legend of the Seeker, da Naagin na Indiya. Zai tambaye ka wane zango. Sannan ka ce ya ƙara maka da Magana Jari Ce na NTA, kashi na 1 zuwa na 52, ka dubi fuskarsa. Ba laifinsa ba ne, abin da ke yawo a hannun mutane shi yake turawa. Na BBC an adana shi, an sake buga shi a faifai, an ɗora a intanet, shi ya sa kai da ke Danchadi za ka iya komawa kashi na 5 na zango na 5 a daren yau ka yi gardama da ni. Namu kuwa, mafi sauƙin hanyar jin yadda aka yi shi ita ce ka sami kawunka da ya kalla a lokacin, ka zaunar da shi ya ba ka abin da ya iya tunawa.

Littafin dai yana nan, juzu'i uku, bugun kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, kuma masu sayar da littattafai a kasuwar Sakkwato sun san shi. Ka fara da na ɗaya, daga inda sarki ya hau doki ya bar Musa da aku.