Yadda ƙarar babur ɗina ta zama abin tsoro ga 'ya'yana

Akwai wani yammaci a damunar 2023 da har yau nake jin nauyin tuna shi. Na taso daga Dutsin-Ma zan koma gida Kurfi, mai ya ƙare mini a hanya, na yi ta turin babur har aka kira sallar magariba. Lokacin ba a daɗe da cire tallafin man fetur ba, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu, albashi kuwa yana nan inda aka bar shi. Na shiga gida da gumi da yunwa, sai ga 'yata mai shekara shida ta sheƙo za ta karɓi ledar hannuna. Ledar ta suɓuce mata, kwalbar man gyaɗa ta fashe a tsakar gida. Tun ban ɗaga hannu ba yarinyar ta durƙushe, ta rufe kai da hannu biyu tana jiran saukar duka. Ban dake ta ba a ranar, amma na san ni ne na koya mata wannan durƙuso.

Mahaifiyata tana zaune a kan tabarma, ba ta ce uffan ba sai da aka yi isha'i. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai da ƙannenka, in kuka ji gyaran muryar mahaifinku a zaure, rige-rigen tarbarsa kuke yi. Naka kuwa, da sun ji ƙarar babur kowa sai ya nemi maɓoya. Ƙaramar ce kaɗai ta rage mai fitowa, ita ma yau ka gani." Na ce, "Inna, rayuwa ce ta yi tsada." Ta ce, "Mu ma mun ga fari, mun ci abin da ba a ci, amma ba yaran ne suka hana ruwa sauka ba."

Na kwana ina juya wannan magana, domin gaskiya ce, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Uban da ke zaune a wannan yanki yana ɗauke da kayan da ba a gani. Muna maƙwabtaka da Safana da Batsari, kuma duk wanda ya san halin da aka shiga da 'yan bindiga ya san yadda mutum ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, kai yaro makarantar kwana ya zama shawarar da ake yankewa da fargaba. Ga gonar nesa da aka haƙura da ita, ga baƙin da suka gudo daga ƙauye suka sauka a gidan ɗan'uwa, ga kwanon masara da ba ya kwana a farashi ɗaya. Mutum ba ya iya yi wa mai sayar da mai tsawa, ba ya iya yi wa shugabansa na aiki, sai ya haɗiye ya kawo gida. A gida kuwa wanda ba ya iya ramawa shi ke kwasa: mata da yara.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A watan Agusta na 2024, babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan damuwar iyaye, inda ya nuna cewa kusan rabin iyayen ƙasar sun ce a yawancin ranaku damuwa na fin ƙarfinsu, alhali a cikin manyan da ba su da yara kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne suka faɗi haka. Idan haka abin yake a inda wuta da ruwa ba sa yankewa, ina ga wanda ya yini neman na cefane?

Likitoci sun bayyana abin da ke faruwa a jiki. Idan mutum ya firgita ko ransa ya ɓaci, jiki na sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, su shirya shi faɗa ko gudu. An halicce su domin haɗari na ɗan lokaci. In damuwa ta zama ta kullum, ga ƙarancin barci ga yunwa, jiki ya daina sauka daga wannan shiri, sai ƙaramin abu ya tunzura mutum kamar babba. A ɓangaren yaro kuma, sashen ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya aikata ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Ke nan ina neman 'yar shekara shida ta mallaki kanta, ni da na haura arba'in na kasa mallakar nawa.

Abin da ya fara nuna mini mafita tuna wani lokaci ne da muka ɗauka masifa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Kurfi da Dutsin-Ma, aka yi kusan wata uku a haka. Mun sha wuya, kasuwanci ya tsaya, ba ka jin labarin ɗan'uwa sai ka yi tattaki. Amma a watannin nan ne kaɗai na iya tuna ina zaune a tabarma bayan isha'i, yara sun kewaye kakarsu tana ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ni ma ina dariya tare da su. Da layi ya dawo, na koma kan waya, ina bin labaran hare-hare har tsakar dare, ina ƙara wa kaina abin da ba ni da maganinsa.

Ga abin da muka gwada a gidana, ba don na zama gwani ba. Na farko, in na dawo ba na faɗawa cikin gida kai tsaye. Nakan zauna a zaure na ɗan lokaci, na sha ruwa, na yi alwala in lokacin salla ya kusa. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ce cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, kuma ya yi shiru. Mun haddace ta tun muna makarantar allo, aiki da ita ne ya gagare mu. Na biyu, daga magariba zuwa isha'i wayata tana ɗaki, muna cin tuwo tare, kowane yaro ya faɗi abin da ya gani a ranar. Makon farko ba wanda ya yi magana, domin sun ɗauka tarko ne.

Na uku ya fi mini wuya: na zauna da mai ɗakina na faɗa mata ainihin abin da nake samu da bashin da ke kaina. Shekara da shekaru ina ɓoyewa, wai kada girmana ya zube, ita kuma tana ɗaukar ɗaure fuskata a matsayin ta yi laifi. Ta ce, "Malam, da ka faɗa tuntuni, ai da mun san abin da za mu rage." A zaman nan ne na gane ita ma a gajiye take: ɗiban ruwa, girki, wanki, goyo, ga ƙuli-ƙulin da take yi na sayarwa, ba ranar hutu. Yanzu ni ke shirya yaran makaranta da safe, ko da maƙwabta za su yi magana.

Na huɗu, na ba 'yata haƙuri. Na san wasu za su ce uba ba ya ba ɗa haƙuri, raini zai shiga. Ban ga raini ba. Haka kuma na sassauta wa babban ɗana. Al'adar kunyar ɗan fari tana da kyanta, amma ta sa na yi shekara 14 ba na yi masa magana sai in zan aike shi ko zan yi masa faɗa. Yanzu tare muke zuwa gona, a hanya yake faɗa mini abubuwan da da sai dai na ji a bakin mutane.

Ban ce a bar tarbiyya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da fushi karyawa yake yi. Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu shi ne na tambayi kaina: da yau aka biya ni albashi, wannan laifin zai sa na yi duka? In amsar a'a ce, to hucewa nake nema a kan yaro. Har yanzu nakan yi tsawa, watan da ya wuce ma na yi, amma ban bari an kwana ban gyara ba.

Ina roƙon limamanmu, kamar yadda suke huɗuba a kan biyayya ga iyaye, su riƙa taɓo haƙƙin 'ya'ya na tausayi da sakin fuska. A majalisunmu ma, inda muke ƙarar da dare a kan siyasa, ya kamata magidanci ya iya cewa ya gaji ba tare da an yi masa dariya ba. Wanda kuma ya ga barci ya ƙaurace masa na makonni, ko abinci ya fita ransa, ko yana jin zai iya illata iyalinsa, ya je asibiti ya yi wa likita bayani, domin ciwo ne kuma ana maganinsa.

Jiya da na dawo na kashe babur a ƙofar gida, yara uku ne suka fito suna rigimar wanda zai riƙe leda. Na miƙa wa ƙaramar, duk da cewa akwai ƙwai a ciki.